A Gyara Ko A Yi Tajmi'a? Lissafin Mai Matacciyar Kwamfuta a Makka

Ana saura kwana 12 a hau Arfa a Hajjin 2025 kwamfutar ofishin kawuna ta mutu. Ƙaramin ofishin kargo ne a wajen Shari' Mansur, inda alhazai ke kawo jakunkuna a auna a tura musu gida. Da zarar an sauko daga Mina, wurin ba masaka tsinke. Sunayen masu kaya, lambobin wayarsu, nauyin kowane ƙunshi, wanda ya biya da wanda ake bi bashi, duk suna cikin wannan baƙin akwati da ke ƙarƙashin tebur. Yaron ofis ya ce shara ya yi, ya zare filogi, da ya gama ya mayar, sai ya ji "tas", wani siririn hayaƙi ya fito ta baya, shi ke nan.

Kafin in iso har an kira wani muhandis, wato injiniyan gyara. Bai kwance ko sukuru ɗaya ba. Ya danna maɓalli sau biyu, ya shinshina, ya ce mazabod, babban falanken da sauran kayan ciki ke hawa, ta ƙone, sai dai a yi sabuwar tajmi'a, wato a sake haɗa na'urar, kuma shi yana da kayan a shagonsa.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ka san kan abin nan, faɗa mini tsakani da Allah. In zuba kuɗi a tsohuwar, ko in rufe ido in haɗa sabuwa?"

Na ce, "Kawu, ku ba ni sa'a ɗaya da sukudireba tukuna."

Mu fara raba zancen, don mutane suna cakuɗa abu uku. Gyara shi ne a gano abin da ya mutu a canja shi kaɗai. Tajmi'a, kamar yadda masu shagunan nan ke cewa, ita ce a sake haɗa na'urar: sabuwar mazabod, sabuwar firosesa (ƙwaƙwalwar na'urar), sabon ram (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita), a riƙe abin da ya riƙu na tsohuwar kamar kes da allo da wurin ajiya. Na ukun shi ne fomat, wato a goge Windows a ɗora sabo. Fomat ba ya tayar da abin da ya ƙone, amma shi ne maganin da wasu masu siyana, wato masu gyara, ke fara bayarwa ko me ka kai musu, kamar mai kemis da farasitamol. Idan kwamfuta tana kunnuwa, nauyi kawai take yi ko ƙwayar cuta ta shige ta, fomat na iya isa. Idan ko fanka ba ta juyawa, wanda ya ce maka fomat bai ma saurare ka ba.

Abin da na fara yi a ofishin Kawu bai shafi gyara ko tajmi'a ba. Na zare hardis, wato wurin ajiyar bayanai, na sa shi a ɗan gidan da ake jonawa ta USB, na kwafe komai zuwa laftof ɗina. Minti 40, littafin bashin Kawu ya dawo hannu, fuskarsa ta saki. Duk shawarar da za ka yanke, wannan ke gaba, domin kowane ƙarfe da ke cikin akwatin nan yana da na sayarwa a kasuwa, ban da abin da ka rubuta a ciki. Abu ɗaya ke iya tare ka: BitLocker. Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da wannan makulli a kunne mai su bai sani ba, kuma idan aka raba wurin ajiyar da mazabod ɗinsa sai ya nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48. Galibi tana cikin asusunka na Microsoft. Ka je ka kwafe ta a takarda tun kwamfutar na da rai. Idan kuma hardis ɗin da kansa ke ƙara "ƙwas, ƙwas", kada ka yi ta kunna shi kana fatan zai tashi. Kowace kunnawa ƙara kankare faifan take.

Sai binciken gawa. Wanda bai zauna a tsofaffin gine-ginen Makka ko Jidda ba zai yi mamakin wannan: bango ɗaya, soket biyu, ɗaya mai ƙarfin wuta volt 127 wanda kowa ke kira miya wa ashara (wato 110), ɗaya na 220. Tun 2010 hukuma ta yanke a koma 230 baki ɗaya, sababbin gine-gine sun bi, amma tsofaffi da dama suna nan da gauraye. Akwatin wuta na zamani, wanda masu shago ke kira bawar, yana karɓar komai daga 100 zuwa 240 ba ruwansa. Tsoho mai araha kuwa yana da wani ɗan jan maɓalli a baya, gefe 115 gefe 230. Na Kawu yana kan 115. Yaro ya mayar da filogi a soket ɗin da ke kusa da hannunsa, na 220. Na aro wani akwatin wuta a shagon maƙwabta na jona, na danna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske. Mazabod ɗin da aka yi wa jana'iza tana nan garau.

Ba kullum ake wannan sa'ar ba, wani lokacin akwatin wuta kan tafi da mazabod idan zai mutu. Amma ba a sani sai an gwada, kuma gwajin bai kai minti 10 ba. Muhandis ɗin da ya yanke hukunci bai gwada da wani akwatin wuta ba, ciniki yake yi.

A abin da na gani da idona a gidajen 'yan'uwa da ofisoshinsu, yawancin kwamfutocin da ake cewa sun mutu suma suka yi, kuma ƙasar nan da kanta ke sumar da su. Zafin Makka a bazara yana haura digiri 45, a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kulle ofis da azahar a bar na'ura a kunne. Ƙura takan taru a haƙoran ƙarfen da ke sanyaya firosesa har ta zama kamar bargo. Ma'ajun, wato man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen, yakan bushe ya koma kamar alli. Idan zafinta ya doshi 100, firosesa takan rage gudu da kanta, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Mai ita sai ya ce "tana ɗaukewa haka kawai". Maganin shi ne a hure ƙura, a goge tsohon ma'ajun a shafa sabo kamar ƙwayar wake. A Jidda kuma ga laima da gishirin teku, suna sa bakin ram ya dushe; kwamfuta ta yi ta kuka "ƙit, ƙit" allo baƙi. A zare ram, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da magogin fensir, a mayar har ya ce "ƙas". Akwai ma ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke riƙe wa mazabod kwanan wata. Idan ya ƙare agogo ya koma shekarun baya, sai Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da shafin banki su ƙi buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro. Na san gidan da aka kusa sayen sabuwar kwamfuta saboda batirin da bai kai kuɗin shawarma ba.

Duk waɗannan, gyara ne ba tantama. Haka nan idan tsohon hardis mai faifai ne ya gaji. Canja shi da SSD, wurin ajiya marar faifai, shi ne gyara ɗaya da ke sa na'ura ta fi yadda aka saye ta: hardis mai juyawa yana karanta wajen megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 550, kuma a neman ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa. Wani alherin kuma, SSD da akwatin wuta mai kyau ba asara ba ne ko da gobe ka yi tajmi'a, domin za su bi ka sabon gida. Wannan ita ce tambayar da nake yi wa kowane riyal kafin ya fita: abin da zan saya zai iya ƙaura, ko tare za a binne su da tsohuwar?

Inda lissafi ke juyewa shi ne idan mazabod ce ta mutu da gaske. Ita ba ta tafiya ita kaɗai. Kowace firosesa tana da irin mazauninta, kowace mazabod tana da irin ram ɗin da take karɓa. Dubi lambar firosesarka: i5-4570 jil na 4 ce, kamar yadda masu shago ke kiran zubin, ta 2013, mazauninta LGA1150, ram ɗinta DDR3. I5-8500 jil na 8. I5-10400 jil na 10, mazauni LGA1200. Jil na 12 zuwa na 14 suna kan LGA1700. Intel takan canja mazauni kusan duk bayan zubi biyu, har jil na 7 da na 8 da suke da mazauni mai suna ɗaya, LGA1151, ba sa hawa mazabod ɗin juna. DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, DDR4 ba ya shiga na DDR5, tsagar da ke bakinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Saboda haka mai tsohuwar na'ura hanya biyu gare shi. Ko ya nemo mazabod irin tasa a tashlihi, wato wajen masu farfasa tsofaffin na'urori, wadda sa'ar mamaciyar ce, ta sha zafi da ƙura iri ɗaya, ba daman, wato ba garanti. Ko ya sayi sabuwa, ita kuma ta ce sai da firosesarta da ram ɗinta. Ka ga ya shiga tajmi'a ko bai yi niyya ba.

A nan na taɓa yin gyaran gangar auzinawa da kwamfutar kaina. Tana ɗaukewa, na canja ram. Ta ci gaba, na canja akwatin wuta. Sai daga baya na haska tocila na ga ƙananan gwangwanayen da ke kewaye da firosesa sun kumbura, ɗaya har ya tsiyayo wani abu ruwan ƙasa. Na je Jidda, titin Khalid bin Walid inda shagunan kwamfuta suke a jere, na samo mazabod musta'amal, wato ta hannu, irin tawa. Ta yi wata huɗu ta bi 'yar'uwarta. Da na tara abin da na kashe a kan DDR3 da mazabod da kuɗin mota, na ga da na ƙara kaɗan da tuni ina kan sabuwa. Kowane mataki shi kaɗai yana da araha, shi ya sa ban farga ba.

Sai kuma abin da Microsoft ta yi, wanda ya ja layi a ƙasa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ta daina ba Windows 10 kariyar tsaro ta kyauta kamar da; ta buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga na'urorin gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuma a hukumance yana neman TPM 2.0, wani sashin tsaro na cikin na'ura, da firosesar Intel daga jil na 8, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Akwai dabarun ɗora shi a kan tsofaffi, masu siyana sun iya, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Ba wai Windows 10 zai daina kunnuwa ba ne. Sannu a hankali ake barin mutum a baya, kamar yadda Chrome ya daina sabunta kansa a kan Windows 7 a farkon 2023. Kwamfutar da yara ke kallon karatu a kai za ta iya zama haka, ko a ɗora mata Linux Mint a madadin Windows ta ƙara shekaru. Wadda ake shiga banki da ita, ake fitar da fatura, wato rasidi, ake ajiye lambobin fasfo na bayin Allah, ba zan bar ta ba kariya ba.

To ga inda na tsaya. Idan firosesarka jil na 8 ce zuwa sama, ka gyara kusan kome ya lalace, har mazabod idan an samu mai daman. Idan ƙasa da haka ce, ka gyara abu mai araha ko mai ƙaura kaɗai, ranar da mazabod ta mutu kuma ka yi mata addu'a. Masu AMD a kan mazaunin AM4 su ne 'yan gata: Ryzen na farko ya fito a kansa a 2017, kuma mazabod irin B450 tana karɓar Ryzen 5000 idan an sabunta BIOS, manhajar da ke cikin mazabod. Mai irin wannan yana iya canja firosesa kaɗai ya sami rabin amfanin tajmi'a, ram ɗinsa na DDR4 na nan.

Ita ma tajmi'ar ba farar saniya ba ce, tana da kuɗaɗen da ba a rubuta su a takardar farashi. Lasisin Windows da ya zo tare da na'ura a ɗaure yake da mazabod, idan ta tafi yakan tafi. Wanda aka saya daban aka haɗa da asusun Microsoft ne ke ƙaura. Manhajar lissafin kuɗi sau da yawa sai an kira wanda ya sayar ya sake kunna ta, kuma tun da hukumar zakka da haraji ta wajabta faturar da na'ura ke fitarwa daga 4 ga Disamba 2021, shago ba ya iya cewa bari in rubuta da hannu har a gama. Sikelin Kawu da yake auna kaya ta tsohuwar kafar nan mai allura tara yake magana da kwamfuta, wadda sababbin mazabod da yawa ba sa fitar da ita a baya. Sai an nemo mahaɗi, an nemo direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, an yi ta gwaji. Tsohuwar firinta ma haka. Idan kuma na'urarka ta ofis ce ta manyan kamfanoni irin Dell ko HP, da yawansu akwatin wutarsu da mazabod ɗinsu ƙirar gida ce, filoginsu daban, ramukan sukuru daban. Ba ka cusa mazabod ta kasuwa a kes ɗinsu cikin sauƙi. Irin wannan ko a gyara ta da kayanta, ko a bar ta gaba ɗaya.

Ga kuma kasuwa. Daga ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antu ke fitarwa. Wannan ya ƙara wa gyara nauyi a sikeli: mai lafiyayyen DDR4 gigabait 16 a tsohuwar na'ura yana riƙe da dukiya, kuma zai fi masa ya zaɓi mazabod da za ta karɓe shi a kan ya tsallaka mazabod mai mazaunin AM5 na AMD da ba ta san komai ba sai DDR5. In za ka tambayi farashi, ka tambaya ko da dariba, wato harajin VAT, a ciki, don kashi 15 cikin ɗari ba wasa ba ne a kan kaya uku ko huɗu.

Daman kuwa yana gefen sabo. Ƙa'idar Ma'aikatar Kasuwanci ita ce shekara biyu aƙalla a kan sababbin kayan lantarki, kuma akwai lambar ƙorafi, 1900. Saboda haka kafin ka ɗauki sukudireba, nemo fatura ka duba kwanan wata. Na'urar da ke cikin daman wakilin kamfani ake kai wa, ba a ba wa yaron unguwa ya buɗe. A tajmi'a, kowane ɓangare da nasa daman, ka tabbata an rubuta lambar kowanne a fatura, ka ɗauke ta hoto don tawadar irin takardar nan gogewa take a zafi.

Akwai hanya ta uku da nake yawan nuna wa masu ƙaramin ƙarfi: na'urorin ofis da kamfanoni suka sallama, jil na 8 zuwa sama, ana samunsu a shagunan musta'amal da kuma Haraj. (Baƙo daga gida in ya ji ana cewa "a Haraj na saya" sai ya zaci ofishin haraji ake nufi, gwanjo ne.) Ga mai Excel da firinta da intanet, irin wannan ta wadatar. Sharaɗin shi ne ka gan ta a kunne, ka duba lafiyar wurin ajiyarta da manhajar CrystalDiskInfo, ka bar ta ta yi aiki rabin sa'a a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.

Laftof zancenta gajere ne, don ba a yi mata tajmi'a. Allo, madannai, batiri, kafar caji, fanka, duk a gyara. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai, wanda barin ta a mota da rana ke jawowa, a cire shi yau ba gobe ba. Amma firosesarta a narke take jikin mazabod, a sirara da yawa har da ram, a MacBook na zamani har da wurin ajiya. Idan mazabod ta tafi bayan daman ya ƙare, sai dai mai gyara da ya iya aikin ƙananan sassa da madubi ya duba. In ya girgiza kai, a ceci bayanai a nemi wata.

Abin da bai shiga duk wannan lissafin ba shi ne kalanda, kuma a Makka ita ce babba. Tajmi'a tana cin kwanaki: sayen kaya, ɗora Windows, dawo da manhajoji, rarrashin sikeli da firinta, sannan matsalolin da ba sa fitowa sai an fara aiki. Ba a yin wannan ana saura kwana 12 Arfa, ko a goman ƙarshe na Ramadan. Na Kawu i5 ce jil na 4, a ƙa'idata ta tsufa. Duk da haka na ce masa, "Kawu, yau gyara za mu yi, amma gyaran fita kunyar mausim ne. In alhazai sun watse sai mu zauna."

Ya ce, "Wato sau biyu zan biya ke nan?"

Na ce, "A'a. Abin da za ku saya yau, shi za mu ɗauka mu sa a sabuwar."

Muka sayi akwatin wuta mai kyau marar jan maɓalli da SSD, na kwafe tsohon hardis a kansa yadda yake, na hure ƙura na canja ma'ajun. Kafin la'asar sikeli na aiki. Ta yi Hajjin lafiya, ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. A watan Safar, ofis ya yi shiru, muka haɗa sabuwa a kan jil na 12 da mazabod mai karɓar DDR4, akwatin wuta da SSD suka ƙaura, muka yi kwana uku muna kokawa da sikeli ba mai tsaye a kanmu. Bayan 'yan watanni ram ya yi tsada, Kawu ya riƙa ba abokansa labari kamar shi ya hango.

Tsohuwar tana gida yanzu da Linux da wani akwatin wuta na tashlihi, jikoki na sauraron karatu a kai. Yaron ofis kuwa ya samo jan fenti ya zagaye kowane soket na 220 da ke bangon, har da na bayan firij.